Wutar Da Ƙura Ta Rufe: Bayani A Kan Fashewar Taurari Da Baƙaƙen Ramuka

Kowace shekara, tun daga wajen watan Nuwamba har zuwa Fabrairu, iskar hunturu takan kwaso ƙura daga kwarin Bodele da ke arewacin ƙasar Cadi, ta baza ta bisa Nijeriya. Mutanen Apo, a nan Abuja, sun san wannan sarai. Ranar da hazo ya yi kauri, duwatsun da ke kewaye da unguwar sukan ɓace wa ido, har jiragen sama ma su yi jinkirin sauka a filin Nnamdi Azikiwe. Amma duk da haka ba wanda yakan ce duwatsun sun tashi. Kowa ya san suna nan inda suke, ƙura ce kurum ta shiga tsakani.

To, irin wannan wahala ce masanan taurari suka daɗe suna fama da ita. A can cikin sararin samaniya ma akwai ƙura, kuma ta ɓoye musu manyan al'amura, har da fashewar taurari. Nufin wannan ɗan littafi shi ne a bayyana wa jama'a dabarar da masana suka samu ta gano abin da ƙurar ta rufe, da abin da suka gano ɗin, da kuma rabon da ƙasarmu ke da shi a cikin aikin.

Ƙurar sararin samaniya

Da farko ya kamata mai karatu ya san cewa rana ita ma tauraro ce. Kusancinta ne ya sa ta fi sauran girma a idonmu. Taurari kuwa garke-garke suke zaune, garkenmu kaɗai ya ƙunshi taurari fiye da miliyan 100,000. Wanda ya kwana a ƙauye inda babu wutar lantarki, ya ɗaga kai da dare lokacin da sama ta washe, zai ga wani farin layi kamar hayaƙi ya ratsa sama daga gefe zuwa gefe. Wannan shi ne garkenmu, muna kallonsa daga ciki.

Saboda nisan taurari ya wuce a ƙirga shi da kilomita, masana sukan auna shi da tafiyar haske. Haske yana gudun kilomita 300,000 cikin daƙiƙa guda. Daga rana zuwa duniya yakan yi minti takwas da 'yan kai. A cikin shekara guda kuwa yakan ci kilomita wajen 9,500,000,000,000. Saboda haka in aka ce nisan tauraro tafiyar haske ce ta shekara 1,000, ana nufin hasken da muke gani a daren yau ya baro shi tun shekara 1,000 da suka wuce.

In aka lura da farin layin nan da kyau, za a ga wasu baƙaƙen wurare a jikinsa kamar an yaga shi. A dā an zaci babu taurari a wuraren. Daga baya aka gane gizagizan ƙura ne suka tare hasken taurarin da ke bayansu. Wannan ƙura ta fi ta hunturu laushi nesa ba kusa ba, ta fi kama da hayaƙi. Wani sashenta dangin gawayi ne, wani kuma dangin rairayi. Ba ta da kauri ko kaɗan, amma da yake hanyar tana da tsawo, kaɗan-kaɗan ɗin nan yakan taru ya zama bango. Tsakiyar garkenmu tana da nisan tafiyar haske ta shekara 26,000, kuma daga cikin hasken da ya taso daga can, irin wanda ido ke gani, kashi ɗaya ne tak cikin miliyan sau miliyan yake isowa gare mu.

Ga misalin hasarar da wannan ya jawo. Babban tauraro, idan makamashinsa ya ƙare, yakan fashe da haske mai tsananin ƙarfi. A shekarar 1006 Ali ibn Ridwan, wani masani na ƙasar Masar, ya ga wani tauraro da ya fashe ya kuma rubuta labarinsa. Mutanen Sin sun rubuta na 1054. An ga wani a 1572, da wani a 1604. Daga nan shiru, fiye da shekara 400 ke nan ba a sake ganin fashewar tauraro a cikin garkenmu ba, alhali kuwa lissafin masana ya nuna ana yin ɗaya ko biyu a kowace shekara ɗari. Ina sauran suka shiga? A shekarar 2008 aka tabbatar cewa wani ɓurɓushin tauraro da ke wajen tsakiyar garken sabo ne, haskensa ya iso duniya shekara ɗari da 'yan kai da suka wuce, amma ba wanda ya gan shi. Ƙura ta shanye shi a hanya.

Mene ne hasken ɗumi?

A shekarar 1800 wani masani a Ingila mai suna William Herschel ya bi da hasken rana ta cikin wani gilashi mai kusurwa uku, hasken ya rabu launi-launi kamar bakan gizo. Ya sa ma'aunin zafi a kan kowane launi. Sa'an nan ya gusa da ma'aunin gaba da ja kaɗan, inda ido ba ya ganin komai, sai ya ga zafi ya ƙara hawa. Nan ya gane akwai wani haske bayan ja wanda idon ɗan'adam ba ya kamawa. Turawa suna kiransa infirared. A cikin wannan littafi za mu kira shi hasken ɗumi.

Ko da yake sunan baƙo ne, abin ba baƙo ba ne. Maƙeri ya sani cewa ƙarfen da ya daina ja bai huce ba tukuna, in ya kai hannu kusa zai ji hucinsa. Makanikan Apo sukan san injin ya yi zafi tun kafin su taɓa shi. Na'urar nan da aka riƙa auna goshin matafiya da ita a lokacin cutar Ebola ta 2014, da lokacin korona a 2020, hasken ɗumin jikin mutum take aunawa. Rimot ɗin talabijin ma da shi yake aiki. Duk abin da ke da ɗumi yana fitar da shi, dare da rana.

Amfanin wannan haske ga masanan taurari iri biyu ne. Na farko, yana ratsa ƙura. Haske tafiyar igiyar ruwa yake yi, kuma kowane launi da tsawon igiyarsa: ta shuɗi gajera ce, ta ja ta fi ta tsawo, ta hasken ɗumi kuwa ta fi duka. Gajeriyar igiya in ta ci karo da ƙwayar ƙura sai ta watse, doguwa kuwa sai ta wuce abinta. Shi ya sa rana takan yi ja in za ta faɗi, domin a sa'an nan haskenta yana bin doguwar hanya cikin iska, shuɗin ya zube, jan ya iso. Tsakiyar garkenmu da aka ce kashi ɗaya cikin miliyan sau miliyan ke isowa, in da hasken ɗumi aka duba, wajen kashi ɗaya cikin goma ne ke isowa.

Amfani na biyu ya fi na farko ban sha'awa. Hasken da ƙura ta shanye ba ya ɓacewa. Yakan ɗumama ta, ita kuma ta dawo da shi a matsayin hasken ɗumi. Kowace uwargida ta san yadda ake rufe garwashi da toka da dare. Da safe ba a ganin wuta, amma in an ɗora tafin hannu bisa tokar, ɗuminta zai faɗi abin da ke ƙasa. Haka ƙurar da ta ɓoye fashewar tauraro, ita ce kuma take ba da shaidarsa.

Na'urorin da ake aiki da su

Wahalar da ke akwai ita ce tururin ruwan da ke cikin iskar duniya yana shanye yawancin hasken ɗumin da ke zuwa daga sama. Saboda haka ake gina madubin hangen nesa a ƙwanƙolin duwatsu masu bushewar iska, irin su Mauna Keya a tsibirin Hawayi, mai tsayin mita 4,200, da duwatsun hamadar Atakama a ƙasar Cile. Abin da ya fi kuwa shi ne a harba madubin sama gaba ɗaya, ya fita daga iska. Tilas ne kuma a sanyaya shi matuƙa, in ba haka ba ɗumin jikinsa zai makantar da shi, kamar mai neman tauraro da tsakar rana.

A shekarar 1983 Amurka da Holan da Ingila suka haɗu suka harba tauraron ɗan'adam mai suna IRAS, wanda ya fara zana taswirar sama kusan duka da hasken ɗumi cikin wata goma. Madubin Spitzer ya yi aiki daga 2003 zuwa 2020. A Disamba 2009 aka harba WISE, wanda daga baya aka sake masa suna NEOWISE. Shi wannan ƙarami ne, amma yana da wata fa'ida: duk wata shida yakan zagaye sama ya ɗauki hoton ko'ina, kuma ya yi ta yin haka har 2024. In aka jera hotunan wuri guda na shekara goma, duk abin da ya yi ɗumi sa'an nan ya huce sai ya bayyana. Babbansu duka shi ne madubin James Webb, mai faɗin mita shida da rabi, wanda aka harba ran 25 ga Disamba 2021, yana kuma zaune kilomita miliyan ɗaya da rabi daga duniya.

Abin da aka gano game da taurari

Da daren hunturu, gabas da Kaza da 'Ya'yanta, wadda malamai ke kira Surayya, akwai wasu taurari uku a jere. Arewa da su kaɗan akwai wani jan tauraro mai haske, sunansa Betaljus. A ƙarshen 2019 ya fara dushewa, kafin tsakiyar Fabrairu 2020 ya rasa wajen kashi biyu cikin uku na haskensa, har wasu suka ce ya kusa fashewa. Bincike ya nuna tauraron ya furzar da iska mai zafi ne, ta huce ta zama ƙura, ta rufe wani sashensa. Bayan 'yan watanni ya koma yadda yake. Wannan ya nuna taurari su da kansu suke yin ƙurar da ke ɓoye su.

A watan Fabrairu 1987 aka ga fashewar wani tauraro a wani ƙaramin garke maƙwabcin namu, mai nisan tafiyar haske ta shekara 168,000. Bayan shekara ashirin da 'yan kai, madubin hasken ɗumi na Turai, wanda aka sa wa sunan Herschel, ya tarar da ƙura mai sanyi a wurin, nauyinta ya kai wajen rabin nauyin rana, watau ya fi nauyin duniyarmu sau 100,000.

A watan Mayu 2020 kuma wani tauraro na cikin garkenmu, mai nisan shekara 12,000, ya ƙara haske wajen sau ɗari cikin kwana goma. Da aka koma ga hotunan NEOWISE sai aka ga ya fara ɗumi watanni kafin haka, ya kuma ci gaba da fitar da hasken ɗumi bayan hasken ido ya dushe. Da masana suka haɗa ƙarfin duka, sai suka ga ya yi ƙanƙanta a ce taurari biyu ne suka yi karo. A 2023 suka bayyana cewa tauraron ya haɗiye wata duniya ce da ke zagaya shi, mai girma kamar Mushtari. Da farko an ɗauka tauraron ne ya tsufa ya kumbura ya cim mata. A 2025 madubin James Webb ya nuna bai kumbura ba, duniyar ce ta yi ta matsowa a hankali har ta faɗa ciki. Haka ilmi yake tafiya, sabon awo yana gyara tsohon zato.

Baƙin rami da tauraron da ya yi ganganci

Baƙin rami wuri ne da nauyi mai yawan gaske ya dunƙule a ɗan ƙaramin fili, har ƙarfin jansa ya kai ko haske in ya shiga ba ya fita. Kusan kowane babban garke yana da ƙato guda a tsakiyarsa. Namu ma yana da shi. Masana a Jamus da Amurka sun shafe shekaru fiye da ashirin suna bin taurarin tsakiyar garkenmu da hasken ɗumi, suka ga suna kewaya wani abu da ba a gani, ɗaya daga cikinsu yana gama kewayen cikin shekara 16. Daga gudunsu aka lissafa nauyin abin, ya kai na rana sau miliyan huɗu. Saboda wannan aiki aka ba Reinhard Genzel da Andrea Ghez kyautar Nobel a 2020.

Yawancin lokaci irin wannan rami shiru yake. Amma in tauraro ya ratso kusa ƙwarai, ramin yakan ja gefen da ke kusa fiye da na nesa, har tauraron ya miƙe ya yage. Wajen rabinsa ya watse, sauran ya riƙa kewaya ramin yana zafi yana walƙiya kafin ya faɗa. A garke guda wannan yakan auku sau ɗaya ne a cikin dubban shekaru masu yawa, saboda haka sai an sa ido a kan garkuna da dama kafin a dace. In kuwa tsakiyar garken cike take da ƙura, walƙiyar ba za ta fito ba. Sai dai ƙurar ta sha zafi, ta kai awo 1,000 ko fiye a ma'aunin Salsiyas, bayan 'yan watanni ta fara fitar da hasken ɗumi, ta yi shekaru tana hucewa kamar duwatsun murhu bayan an kashe wuta.

An ga haka a wani wuri da ake kira Arp 299, inda garkuna biyu ke cin karo, nisan shekara kusan miliyan 150 daga nan. A Janairu 2005 masana masu neman fashewar taurarin da ƙura ta rufe suka ga wani sabon ɗigon hasken ɗumi a wurin, ta wani madubi da ke tsibiran Kanari. A hasken ido ba a ga komai ba. Suka bi shi fiye da shekara goma, a 2018 suka bayyana cewa baƙin rami ne mai nauyin rana miliyan 20 ya yaga tauraro. A 2023 wasu masana a Amurka suka tono wani a cikin tsofaffin hotunan NEOWISE, a garken NGC 7392 mai nisan shekara miliyan 137, wanda ɗuminsa ya fara bayyana tun 2014 ba wanda ya lura. A 2024 suka ba da jerin guda 18 irinsa.

Muhimmancin wannan shi ne ya gyara ƙidaya. Waɗanda aka riƙa samu da hasken ido yawancinsu a garkuna marasa ƙura suke, har aka fara tunanin ko irin waɗannan garkuna suna da wani sirri. Da aka duba da hasken ɗumi sai aka tarar abin yana aukuwa a garkuna masu ƙura ma. Wanda ya ƙirga shanun da ke fili kaɗai, ya bar na cikin kurmi, lissafinsa ba zai cika ba.

Shin akwai abin tsoro?

Babu. Ya kamata jama'a su lura da wannan, domin wani lokaci labari yakan bazu a waya cewa baƙin rami ya nufo duniya, ko wani tauraro zai fashe ya ƙone ta. Baƙin ramin da ya fi kusa da mu a cikin waɗanda aka sani, wanda aka gano a 2022, nisansa ya wuce tafiyar haske ta shekara 1,500. Baƙin rami kuma ba ya zuƙo abin da ke nesa, sai wanda ya matso dab da shi. Betaljus yana da nisan shekara fiye da 500, ko ya fashe abin da za mu samu shi ne haske a sama na 'yan watanni. Ranarmu kuwa ba ta cikin taurari masu nauyin da ke fashewa. Wanda ya sami irin wannan saƙo kada ya tura shi gaba.

Rabon Nijeriya

Ƙasarmu ba baƙuwa ba ce a wannan fage. A tsakiyar shekarun 1960 wani ɗan Nijeriya, Samuel Okoye, yana karatu a Jami'ar Kambirij tare da malaminsa Antony Hewish, suka gano wani ɗan ƙaramin wuri mai fitar da igiyar rediyo a cikin ɓurɓushin tauraron nan na 1054. Daga baya aka tabbatar zuciyar mataccen tauraron ce. Okoye ya dawo ya koyar a Jami'ar Nijeriya ta Nsukka, inda kuma aka kafa cibiyar nazarin sararin samaniya.

A 1999 Gwamnatin Tarayya ta kafa hukumar binciken sararin samaniya, wadda aka sani da NASRDA, hedkwatarta tana Lugbe a kan hanyar filin jirgin sama na Abuja. A Satumba 2003 aka harba NigeriaSat-1 daga ƙasar Rasha, a 2011 aka bi shi da NigeriaSat-2 da NigeriaSat-X. Waɗannan ƙasa aka yi su su duba, amma an sa musu kyamarori masu kama hasken nan na bayan ja, domin ganye mai lafiya yana mayar da shi da ƙarfi, wanda fari ya taɓa kuwa ba ya yi. Da haka ake sanin halin gonaki da dazuzzuka daga sama. Ilmin da ke gano tauraro a bayan ƙura, shi ne ke taimakon manomi.

Gaskiya ne yanayinmu bai dace da babban madubin hasken ɗumi ba, da damina tururi, da hunturu ƙura. Amma wannan bai rufe mana ƙofa ba. Hotunan da NEOWISE ya tara suna nan a intanet kyauta ga kowa, kuma mai karatu ya ga yadda aka yi ta tono sababbin abubuwa daga cikinsu shekaru bayan an ɗauka. A 2025 wani ɗalibin sakandare a Amurka ya ci babbar gasar kimiyya ta ƙasarsu saboda ya rubuta wa kwamfuta tsarin da ta tace waɗannan hotuna, ta fitar da abubuwa wajen miliyan ɗaya da rabi masu sauyin haske. Kayan aikinsa lissafi ne da kwamfuta da malamin da ya kama hannunsa.

Saboda haka ana kira ga iyaye da su ƙarfafa 'ya'yansu, maza da mata, a kan darasin lissafi da kimiyya tun daga firamare. Malaman makaranta kuma suna iya nuna wa yara gwajin Herschel da gilashi mai kusurwa uku da ma'aunin zafi, ba ya bukatar kuɗi mai yawa. Ɗaliban jami'a masu sha'awar wannan fanni su nemi sashen kimiyyar fizis na makarantarsu, ko su tuntuɓi hukumar NASRDA. Hausawa sun ce rashin sani ya fi dare duhu. Allah ya ƙara mana ilmi mai amfani, amin.